Yadda za ka bi diddigin ofishin magajin garin babban birni daga nan Zariya

Ɗaliban da ke kawo mini batun "magajin garin Abuja" (wato mayor, ba sarautar gargajiya ba) a Samaru kusan duk hanya ɗaya suke bi: a buɗe waya, a kwafo jerin sunaye, a ce an samu tarihi. Nakan mayar musu da takardar in ce su nemo mini dokar da ta kafa kujerar tukuna. Doka ce ke haifar da ofis, ita ke yanka masa iko, wata rana kuma ita ke binne shi.

Ka fara da Legas, tunda ita ce babban birnin Nijeriya har zuwa 12 ga Disamba, 1991. Majalisar garin ta samu tun 1917, amma sai a 1950 aka ƙirƙiro kujerar magajin gari, Dakta Ibiyinka Olorun-Nimbe ya hau. A 1953 aka soke ta. Shekara uku kacal! Wanda ya tsaya kan suna zai rubuta layi ɗaya ya tashi. Wanda ya tambayi me ya sa aka kafa, wa ya ji tsoronta har aka soke, shi ne zai cika babi.

Abuja kuwa sai ka yi hattara. Doka ta 6 ta 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, ita ta kafa yankin babban birnin tarayya da hukumar gina shi, FCDA. Minista ne ke riƙe da birnin, kuma Shugaban Ƙasa ke naɗa shi. Mobolaji Ajose-Adeogun ne na farko. Ka karanta sashe na 299 zuwa 302 na Tsarin Mulkin 1999 da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya ce sun ce. Ƙarƙashin minista akwai majalisun yanki shida: AMAC (majalisar yankin cikin birnin Abuja), Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje da Kwali. Shugaban AMAC zaɓaɓɓe ne, INEC ce ma ke shirya zaɓensa, amma ciyaman ne na yanki ɗaya cikin shida. In ka ɗora masa rawanin birnin duka, mai duba aikinka zai kama ka a shafin farko.

Mu 'yan Zazzau muna da wani tarkon na daban. Tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ƙanin Sarki Makau ya kafa a 1828 bayan an fita daga Zariya lokacin jihadi, ita ce Suleja ta yau. Fayil ɗin zamanin Turawa da ka gani an rubuta Abuja a bangonsa, masarautar yake nufi.

To ina takardun? Ka fara da gida: Laburaren Kashim Ibrahim a ABU. Ka tambayi ma'aikata sashen takardun gwamnati da na tsofaffin jaridu, ka nemi gazet, wato jaridar gwamnati da ake buga dokoki da sanarwa a cikinta. Daga nan ka hau mota a Kwangila zuwa Kaduna, ka shiga Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa. Ka tafi da wasiƙa daga sashenku mai hatimi, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowane shafi. Amma ka sani, Kaduna ta Arewa ce. Takardun Legas na zamanin mulkin mallaka, Ibadan ake nemansu. In kuɗin mota ya gagara, jaridun lokacin irin su West African Pilot da Daily Times za su rage maka hanya, sai dai kowacce da ɓangaren da take goyon baya, don haka ka karanta biyu kan rana ɗaya.

Abin da nake matsa wa kowa: kafin ka karanta layi ɗaya, ka rubuta lambar fayil, kwanan wata da shafi a littafinka. Tsohuwar takarda ta yi ja, gefenta na marmashewa a yatsa, lambar ma wani sa'in da fensir aka rubuta ta a kusurwa. In ka mayar da fayil ba ka kwafe ta ba, sake gano shi sai an sha wuya.

Sannan ka ja layi uku a takarda: wa ke naɗawa ko zaɓa, wa ke riƙe da kuɗi da filaye, wa ke iya cirewa. Kowace shekarar da amsa ta canja, ka yi mata alama. Nan babobinka suke.

In ka samu sarari, ka leƙa waje kaɗan don gwadawa. Paris ta zauna babu magajin gari daga 1871 har 1977 da aka zaɓi Jacques Chirac. Landan ba ta samu zaɓaɓɓen magajin gari na birnin baki ɗaya ba sai 2000, lokacin Ken Livingstone. A ganina gwamnati ba ta cika son wani mai ƙuri'ar jama'a a ƙofar fadarta ba, amma wannan ra'ayina ne. Kai sai ka nuna shi da takarda. Sakin layi biyu ya isa wannan gwadawar, kada ta cinye maka babin Legas.