Darasi Na Shida: Randa, Hannu da Tukunya

Da yawa daga cikin cututtukan da ke kwantar da mutanen gida ta baki suke shiga. Gudawa, amai da gudawa, taifot, tsutsar ciki, duk hanyarsu ɗaya ce: abin da muka sha, abin da muka ci, da hannun da ya kai shi baki. Don haka wannan darasi zai fi tsayawa a wuri uku, wato randa, hannu da tukunya. Ku karanta a hankali. Wanda ya ci karo da kalmar da ta yi masa wuya, ya ja mata layi, za mu dawo kanta.

Randa

Ruwa kan fito daga famfo ko rijiyar burtsatse da tsabtarsa, sai ya zo gida ya gurɓace. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki kofi a ƙasa, ya zurma shi cikin randa har da hannu. Wani ya sha, ya mayar da ragowar. Kafin magariba ruwan da aka ɗebo mai kyau ya zama wani abu dabam, alhali a ido garai-garai yake.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A yi wa randa murfi. A tanadi moɗa mai dogon hannu, a rataye ta a jikin bango, kada a ajiye ta a ƙasa. Da ita za a riƙa ɗiba ana zubawa a kofi, ba a kai ta baki. Kafin a zuba sabon ruwa, a juye na ƙasan a wanke randar.

Ruwan rijiyar da ba ta da murfi, da na rafi, da na kududdufi, sai an tafasa shi. A fara tacewa da ƙyalle mai tsabta, a ɗora a wuta. Idan ya tafasa sosai, a bar shi minti ɗaya yana ɓararraka kafin a sauke. Mutane da yawa kan jefa alif a ruwa, da sun ga ya kwanta sai su ce ya yi. Alif laka yake kwantarwa, ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta.

Manya a cikinku sun san kurkunu. Kun ga yadda yake hana manomi zuwa gona a tsakiyar damina. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Tace ruwa, da haƙa rijiyoyi masu kyau, da hana mai ciwon shiga ruwan da ake sha, su suka kore shi. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi.

Hannu

A gidaje da yawa, in za a ci tuwo, kwano ɗaya na ruwa ake zagayawa da shi. Maigida ya wanke, 'yan'uwa su wanke, ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe. To, shi wannan yaron da dauɗar kowa ya wanke hannunsa. Abin da ya fi shi ne wani ya riƙe buta ya zuba wa kowa, ruwan ya zube a kwano ko a ƙasa.

Ruwa zalla bai isa ba, sai da sabulu. In babu sabulu, toka mai tsabta ta fi babu. A cuɗa tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu. Lokutan da ba a wasa da su: bayan an fito daga bayan gida, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin a taɓa abinci, da kafin a ba yaro. Akwai masu cewa kashin jinjiri ba shi da illa tunda nono kaɗai yake sha. Ba haka ba ne. Shi ma a zuba shi a masai, a wanke hannu.

Idan gudawa ta riga ta kama yaro

Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kada a ce ai haƙori ne, a zauna ana jira. A sayi ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, a kemis ko a karɓa a asibiti, a haɗa yadda aka rubuta a jikinsa. In ba a samu ba, ga yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida:

Ruwa mai tsabta lita 1, wato ledar fiya-wata biyu.
Sukari cokalin shayi 6, a shafe bakin cokalin, ban da tozo.
Gishiri rabin cokalin shayi.

A motsa har ya narke, a ɗanɗana. Kada gishirinsa ya wuce na hawaye, domin in ya yi yawa cutarwa yake yi. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a haɗa sabo. Uwa ta ci gaba da ba da nono. A kuma nemi ƙwayar zinc, ana ba da ita kwana 10 zuwa 14. Amma idan idon yaro ya faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya ƙi sha, ko aka ga jini a kashinsa, asibiti za a nufa a lokacin.

Tukunya

Karanta wannan hira, mutum biyu su karɓa wa juna.

"Malam, ni fa ba na cin gishiri da yawa. Ɗan kaɗan uwargida ke sawa."
"To Baba, dunƙule nawa ake sa wa miyar?"
"Ba ya wuce huɗu ko biyar."
"Ai kuwa Baba, shi ma dunƙulen gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Ga na yaji, ga na tsire."
"Ikon Allah! To miya za ta ciyu kuwa?"
"Za ta ciyu. A ƙara daddawa da albasa da citta, a riƙa rage dunƙulen ɗaya-ɗaya. Harshe kan saba."

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk wanda ke cikin abinci. Yawan gishiri na jawo hawan jini. Shi kuwa hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum na harkokinsa, sai a ji ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Awon hawan jini ba ya ɗaukar minti biyar, kuma babu huda babu zafi. Duk baligi ya riƙa zuwa ana auna shi, ko da yana jin garau. Wanda aka ɗora a kan magani kuma, kada ya daina don ya ji sauƙi.

Sukari ma haka. Masu shayi sun san mu, sai an zuba har cokali ya kusa tsayawa. A rage. Lemon kwalba ya zama na lokaci-lokaci, ƙishirwa kuwa a kashe ta da ruwa.

Abin mamaki, abincin da wasu ke rainawa suna cewa na ƙauye ne, shi ne mai gina jiki: gero, dawa, wake, gyaɗa, zogale, rama, yakuwa, kuka. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi biskit amfani nesa ba kusa ba. Sai dai a wanke ganye da kyau, kuma kada a dafa shi har ya mutu. Abincin da ya kwana, a ɗumama shi ya yi zafi har ciki.

Sauran abubuwa a taƙaice

Manomi da mai daka ba sa bukatar a ce musu su motsa jiki. Maganar ta tela ce da mai shago da direba, masu wuni a zaune. Tafiyar ƙafa da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta wadatar. A kwana cikin gidan sauro kowane dare, musamman mai ciki da ƙananan yara. Kada a yi girki da itace ko gawayi a ɗaki rufe, hayaƙin na cin huhu da ido.

Aiki

1. Me ya sa alif kaɗai bai isa ba?
2. Idan lita 1 na bukatar cokali 6 na sukari, cokali nawa lita 2 za ta ci?
3. Minti 30 sau biyar, minti nawa ke nan?
4. Rubuta wannan jimla sau uku a littafinka: A rufe randa, a rataye moɗa.
5. Ka ƙirga dunƙulen da aka sa a miyar gidanku yau, ka rubuta adadin, ka zo da shi aji mai zuwa.