Yadda za ka nemo tauraron Proxima Centauri daga Jos

Tauraron da ya fi kowane kusa da ranarmu ba ya ganuwa da ido tsirara, duk da cewa tazararsa ba ta wuce tafiyar haske ta shekara 4.24 ba. Sunansa Proxima Centauri, kuma yana cikin ajin da masana ke kira jajayen wadanni, wato ƙananan taurari masu raunin haske. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na rana, zafin samansa kuwa bai fi rabin nata da yawa ba. Robert Innes ne ya gano shi a 1915 a Johannesbag ta Afirka ta Kudu. Mazaunin Jos yana da damar da mutumin Landan ba shi da ita, domin a can tauraron ba ya fitowa sam, alhali a nan yana ɗagowa har kusan digiri 17 ta kudu.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ne aka fi yin asarar dare. A watan Mayu da Yuni yana kaiwa ƙololuwarsa tun kafin dare ya raba, sai dai lokacin damina ta kankama a Filato, gajimare kan rufe sama kwana da kwanaki. Don haka na fi son ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da hazon hunturu ya fara janyewa, ruwa kuma bai sauka sosai ba. A tsakiyar Fabrairu yana kaiwa ƙololuwarsa wajen ƙarfe biyar na asuba, a tsakiyar Maris kuwa wajen ƙarfe uku. Ka zaɓi daren da babu farin wata, ka fita kudancin gari ta wajen Kuru ko Vom yadda fitilun Jos da Bukuru za su kasance a bayanka, ka tsaya inda dutse bai tare maka kudu ba. Ka tafi da abokan tafiya da rigar sanyi, domin sanyin asubar Jos ba ya jin lallashi.

Idan ka isa, ka kashe fitila ka bar idonka ya saba da duhu na minti 20 zuwa 30. Ka fuskanci kudu, ka miƙe hannu ka dunƙule shi: faɗin dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne, saboda haka dunƙule biyu daga inda sama ta haɗu da ƙasa za su kai ka wurin. Za ka ga taurari biyu masu haske a jere, a damansu kuma wasu huɗu masu siffar gicciye. Na hagu, wanda ya fi haske, shi ne Alfa Centauri, na uku a haske cikin taurarin dare. Proxima yana ƙasa da shi ta dama, tazarar digiri 2 da ɗoriya, kamar faɗin cikakken wata sau huɗu.

Daga nan sai madubin hangen nesa, kuma tunda tauraron yana ƙasa ƙasa inda ƙura ke cin haske, zai fi kyau faɗin gilashinsa ya kai santimita 15. Wurin cike yake da ƙananan taurari masu kama da juna, don haka ka buɗe manhajar Stellarium, ka mayar da allonta ja, ka riƙa bin taurarin ɗaya bayan ɗaya daga Alfa kana gwadawa da taswira. Kada ka sa ran ganin ja kamar garwashi. Ɗigo ne dushi-dushi, kuma yakan fi bayyana idan ka ɗan kawar da ido gefe.

Duniyoyin da ke kewaya shi ba za ka gan su ba, waɗanda suka gano su ma ba su gan su ba. A Agustan 2016 tawagar Guillem Anglada-Escudé ta sanar da Proxima b bayan ta auna, da na'urar HARPS da ke La Silla a ƙasar Chile, yadda tauraron ke ɗan matsowa yana ja da baya da saurin da bai wuce na mai tafiya a ƙafa ba. Wannan duniya ta ɗan ɗara tamu nauyi, tana kammala zagaye cikin kwana 11.2, kuma tana tazarar da ruwa zai iya zama bai daskare ba bai ƙafe ba, ko da yake tauraron yakan yi aman wuta mai ƙarfi da zai iya kwashe iskar da ke lulluɓe da ita. A 2022 aka sanar da Proxima d, mai zagayen kwana 5 da 'yan sa'o'i.

Kafin ka naɗe kaya, ka zana abin da ka gani a takarda tare da kwanan wata da lokaci, domin da wannan zanen za ka tabbatar a fita ta gaba cewa ɗigon da ka kama shi ne Proxima.