Yadda Ake Zana Namun Daji Daga Gani da Ido

A shekarar 1515 wani shahararren mai zane ɗan ƙasar Jamus, Albrecht Dürer, ya zana karkanda ba tare da ya taɓa ganinta ba. Bayaninta kawai ya samu, sai wani ɗan zane da aka aiko daga birnin Lisbon. Abin da ya fito daga hannunsa dabba ce sanye da sulke kamar barde, har da wani ɗan ƙaho a doronta wanda Allah bai yi wa karkanda ba, kuma Turawa suka shafe fiye da shekara 200 suna kwafar wannan kuskure. Gwanin gaske ne, amma gani ya kori ji. Duk mai son ya zana namun daji yadda suke, dole ya ba idonsa aiki fiye da hannunsa.

Kada ka fara da daji, fara da gida. Akuyar da ke ɗaure a turke, da saniya, da raƙumin kasuwa, da kyanwa, su ne malamanka na farko, domin ginin ƙashinsu bai yi nisa da na barewa da ɓauna da raƙumin dawa da damisa ba. Ka tsaya gefen akuya ka dubi ƙafarta ta baya da kyau. Gaɓar nan da take tanƙwarawa baya, wadda yawancin masu koyo suke ɗauka gwiwa ce, diddige ne; gwiwar gaskiya tana can sama, manne da gefen ciki, kuma dabbar a kan yatsunta take tafiya, kofato kuwa farcensu ne. Wanda ya gane wannan a jikin akuya ba zai karya ƙafar gwanki a takarda ba. Ka kuma lura da ƙwayar idonta da ke kwance, da yadda idanun suke a gefen kai, saɓanin na kyanwa da ke kallon gaba, domin wannan bambanci shi ne ke raba fuskar mai cin ciyawa da ta mai farauta.

Idan hannu ya ɗan faɗa, sai a nufi inda dabbobin suke. Gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma lokacin da ya fi dacewa da mai zane shi ne rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta tara giwaye da gwambaza da mugun dawa a bakin kogin Gaji. Mai sha'awar tsuntsaye ya je fadamun Haɗeja da Nguru a lokacin hunturu, inda baƙin tsuntsaye daga Turai suke sauka su tarar da ɗinya da zalɓe. A Nijar kuma, yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, shi ne babban mazaunin ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma. Ko'ina za ka, ka fara tambayar halin da hanya take ciki, ka tafi da ɗan jagora, kuma kada ka sauka daga mota sai ya ba ka izini.

Kayan aiki ba sa buƙatar yawa: littafin zane mai tauraren bango, fensir mai laushi biyu ko uku, ƙaramin akwatin fentin ruwa, buroshi biyu, gorar ruwa, da madubin hangen nesa. Ka bar fararen kaya a gida, ka sa masu launin ƙasa. Abinci kuma ka ɓoye shi, don gwaggon biri ba ya jin kunyar fizge leda daga hannun baƙo.

A nan ne aikin yake da wuya. Da ka hango dabba, zuciyarka za ta ce maza ka zana kafin ta gudu. Ka danne ta. Ka samu wurin da iska ke kaɗowa daga wajen dabbar zuwa gare ka, ka zauna shiru, ka yi minti biyar ko goma kana kallo kawai, kana tambayar kanka: ina nauyin jikinta ya sauka, wane layi gadon bayanta ya bi, tsawon kanta sau nawa zai shiga tsawon jikinta? Sai bayan haka ka ja layin baya gaba ɗaya ba tare da ka ɗaga fensir ba, ka ɗora ƙirji da ƙugu a matsayin dunƙule biyu, sannan ƙafafu. Idan ta motsa, kada ka goge komai, ka fara sabon zane a gefen na farko. Dabba mai kiwo tana maimaita tsayuwa uku ko huɗu ne kawai, wato ta sunkuya ta ci, ta ɗaga kai ta saurara, ta taka, ta sake sunkuyawa, saboda haka duk lokacin da ta koma wata tsayuwa sai ka koma kan zanenta ka ƙara masa layi. Shafi guda cike da guntayen zane goma ya fi mini zane ɗaya da aka kammala da ka.

Kowace dabba tana da abin da ke fallasa wanda bai kalle ta ba. Giwar Afirka bayanta lotsattse ne a tsakiya kamar sirdi, kunnuwanta manya, kuma ƙarshen hancinta yana da 'yan yatsu biyu. Wanda ya yi mata doro da ƙananan kunnuwa giwar Indiya ya zana. Raƙumin dawa yana ɗaga ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya kusan tare idan yana tafiya, daidai da raƙumin gida. Balbela da zalɓe suna naɗe wuya idan sun tashi sama, shamuwa da gauraka kuwa miƙe shi suke yi.

Batun launi kuma, ka zana abin da ka gani, ba abin da ka sani ba. An ce giwa ruwan toka ce, amma wadda ta yi birgima a jar ƙasa ja za ka gan ta, wadda ta fito daga ruwa kuma ta kusa zama baƙa. Na daɗe ina zana balbela tana fitowa kamar an yanko ta daga farar takarda an liƙa, har ranar da na zauna kusa da garken shanu da hantsi na lura cewa rabin jikinta ba fari ba ne: ƙarƙashin fiffikenta shuɗi-shuɗi ne, ƙirjinta kuma ya ɗauki koren ciyawar da take tsaye a kai. Da fentin ruwa, ka bar farin takarda ya zama hasken, ka shafa inuwar kaɗai. Kada ka ɓata lokaci kan gashi ɗai-ɗai, domin daga nesa ido ba ya ganinsa. Ka shimfiɗa haske da duhu tukuna, sannan ka nuna kwanciyar gashi a wurare kaɗan, kamar wuya da kafaɗa. A ido ka bar ɗigon haske ɗaya tak, ta ɓangaren da rana take. Ka tuna busasshiyar iskar hunturu tana shanye fentin ruwa nan take, sai ka dama isasshe tun kafin ka taɓa takarda, kuma hazo yana dusashe duk abin da ke nesa, don haka itatuwan baya su fi dabbar haske.

Hoton waya yana da amfaninsa wajen tuna tsarin zane-zanen fata ko murɗewar ƙaho, sai dai yakan baƙanta inuwa, ya kuma kama dabba a wani irin karkace da ido bai taɓa gani ba. Don haka ka rubuta a gefen kowane zane lokacin da ka yi shi, da inda rana take, da launin da ka gani, da irin bishiyar da ke wurin, ko gawo ce ko kuka ko giginya. Idan ka dawo gida, ka fara babban zanen cikin kwana biyu ko uku, littafin dajin yana buɗe a gabanka, wayar kuma a aljihu har sai ka kai ga ƙananan abubuwan da ka kasa tunawa.