An gama haɗa injin tsohuwar akori-kura amma ta ƙi tashi: ga yadda za ka bi ta

Babu abin da ya kai wannan cin rai, ka kashe kuɗi an sauke inji, an kai kiranshaf an kankare, an sa sabon metal da rin da gasket, wataƙila har da fistin, an mayar da komai an ɗaure, ka murɗa makulli sai kik yana ta gurnani mota ko tari ba ta yi ba. A nan ne za ka ga kowa a gareji ya zama injiniya, wannan ya ce a tura, wancan ya ce a zuba fetur a kafireta, wani ma ya ce a sake kwance injin gaba ɗaya. Ni dai shawarata kar ka sake kwance komai tukuna, don mafi yawan lokaci matsalar tana waje ne ba cikin inji ba.

Zan yi misali da Fijo 504 akori-kura mai fetur, irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, kamfanin da ya fara aiki tun 1975, don ita na fi sani kuma har yau tana nan tana jigilar buhuna a kasuwannin ƙauye. Amma tsohuwar Hilux mai kafireta ma kusan hanyar ɗaya ce.

Mataki na 1: saurari kik ɗin kafin komai

Yadda injin yake juyawa ma labari ne. In ka ji ƙas ɗaya kawai ya yi shiru, ko yana juyawa da ƙyar kamar mai jin barci, to fara da batir. Motar da ta yi sati uku ko wata a gareji batir ɗinta ya sauka, cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 a mita, kuma lokacin da kake ba da kik bai kamata ya faɗo ƙasa da 10 ba. Goge kan batir, sannan ka nemo wayar at, wato wannan mai kaurin da ke haɗa inji da bodi. Ana yawan manta ta in an mayar da inji, ko a ɗaura ta a kan fenti, kuma fenti ba ya wuce wuta. Kankare wurin har ƙarfe ya fito fes.

Sai ka cire filogi duka huɗun, ka sa sifana a kan notin fulin gaba ka juya injin da hannu zagaye biyu. Sabon haɗi yana da ɗan tauri, wannan ba komai, amma dole ya juya. In ya cije a wuri ɗaya ko kuma sai mutum biyu sun taru a kan sifana, tsaya nan, kar ka ƙara taɓa makulli, ko metal ne bai yi daidai da kankarar da aka yi ba ko an juya wani kaf, wato murfin da ke riƙe metal. In kuma ruwa ya feso daga ramin filogi to gasket ne, ko kuma silif ɗin bai zauna ba, don injin 504 silif ɗinsa cirewa ake yi kuma ruwa ne ke zagaye da shi kai tsaye. Waɗannan biyun ne kawai za su sa in ce maka a sake buɗewa tun yanzu.

Tunda filogi suna waje, yi amfani da damar: cire wayar kwayil ka ba da kik har fitilar baƙin mai ta mutu a dashbod. Kana so mai ya zagaya metal kafin injin ya ɗau wuta. Kuma kik kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda, ka bar shi ya huta, in ba haka ba kana neman gyaran inji ka ƙare da sayen kik.

Maganar turawa ko a ja ta da wata mota kuwa, ban yarda ba. Injin da bai taɓa tashi ba ba ka san me ke cikinsa ba, ƙarfin turi zai lanƙwasa abin da da hannu za ka ji ya tokare.

Mataki na 2: akwai wuta?

Mayar da wayar kwayil, zare ƙarshenta daga tsakiyar murfin distirbita, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke ce wa delko, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji kamar tazarar rabin santimita, wani ya ba da kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tas tas kake nema. In ja ce mai rauni ko babu gaba ɗaya, buɗe makulli ka duba ko wuta tana zuwa kwayil ta gefen da ke da alamar tarawa. In tana zuwa sai ka buɗe distirbita ka kalli kwantak yana buɗewa yana rufewa in injin na juyawa? Tazararsa a 504 milimita 0.40 ce. Sabon kwantak yakan zo da ɗan maiƙo a bakinsa, ja farar takarda a tsakaninsa za ka ga dattin. Sannan akwai wata 'yar roba da ke raba wayar kwantak da jikin distirbita, in aka manta ta ko ta fashe wutar duk ƙasa take tafiya. Kwandansa kuma in sabo aka sa, gwada mayar da tsohon, wallahi na sha ganin tsohon kwandansa ya fi sabon na kwali lafiya.

Kar ka yi dariya, duba ko rota, wato abin da ke juyawa cikin distirbita yana rarraba wuta, tana ciki. Yara suna rufe murfi su bar ta a kan benci.

Mataki na 3: tamin, wato lokacin zuwan wuta, a nan gizo ke saƙar

Wannan ne zan daɗe a kansa don shi ne ya ba mu wahala a motar kawuna. Mun yi kwana uku, batir biyu muka kashe, wuta akwai, mai akwai, amma in an ba da kik sai ta yi fat ta kafireta, wani lokaci ta buga ta salansa kamar bindiga har awaki su watse. Kawu yana zaune a kan benci da carbi, albasarsa tana jira a gona, ba ya cewa komai sai "to Allah ya sa a dace". Wani dattijon bakanike da ke gefe ya zo wucewa ya tsaya ya ji bugun sau ɗaya, ya ce da ni "yaro, distirbitarka a juye take". Na ce Baba ai maki yana kan maki. Ya ce maki sau nawa yake zuwa?

Abin da yake nufi shi ne, kiranshaf yana zagaye biyu ne kafin kamshaf da distirbita su yi ɗaya. Kenan fistin na ɗaya yana hawowa sama sau biyu, sau ɗaya yana matse mai da iska yana jiran wuta, sau ɗaya kuma yana korar hayaƙi, kuma duka biyun makin fuli yana nuna daidai. In ka saita a kan na hayaƙin, wuta za ta riƙa zuwa lokacin da bawul ke buɗe, shi ne wannan bugun.

Ga yadda za ka gane. Cire filogin silinda ta ɗaya, toshe ramin da babban yatsa, ko da tsumma in ramin ya yi zurfi kamar na Fijo, wani ya juya injin da sifana a hankali ta inda yake juyawa in yana aiki. Da ka ji iska tana turo yatsanka, to matsi ne, ci gaba a hankali har maki ya zo. In kana so ka tabbatar ɗari bisa ɗari buɗe murfin tafet: a daidai wannan lokacin rokas biyu, wato masu danna bawul, na silinda ta ɗaya duk suna da ɗan wasa, na silinda ta huɗu kuma suna musaya, ɗaya na gama rufewa ɗaya na fara buɗewa. Yanzu buɗe murfin distirbita ka ga ina rota ta nuna. Inda ta nuna, nan wayar filogi ta ɗaya za ta zauna, sauran su biyo ta 1, 3, 4, 2, kana bin inda rota take juyawa ba yadda ranka ya so ba. In ba ka san ta ina take juyawa ba, ba da kik kaɗan kana kallo.

Wani abu da ke rikita mutane, a Fijo ana ƙirga silinda ta ɗaya ne daga baya wajen fulawil, a Toyota kuma daga gaba wajen lagireto. Gaskiyar magana ko ta ina ka ƙirga 1, 3, 4, 2 ɗin zai fito daidai muddin ka tsaya a kan ƙirga ɗaya. Rikicin yana zuwa ne in wanda ya zura distirbita ya ƙirga daga gaba, wanda ya jera wayoyi kuma ya bi lambar da ke kan murfi. Abin da ya faru da mu kenan, ni da abokin aikina kowa ya yi daidai a nasa lissafin. Wayoyi kawai muka sauya wa wuri, ko minti biyar ba a yi ba.

Bayan haka sai saitin ƙarshe da kwan fitila. Haɗa ƙaramin kwan volt 12 tsakanin wayar da ta fito daga kwayil zuwa kwantak da jikin inji, buɗe makulli, sassauta distirbita, ka juya jikinta kaɗan ta inda rota ke tafiya har kwan ya mutu, sannan ka dawo da ita a hankali, daidai inda ya kama ka ɗaure. Wannan ya isa ta tashi, gyaran tsaf sai ta yi zafi.

Tunda murfin tafet a buɗe yake, duba cen ɗin tamin ma ba sai ka kwance gaba ba. Waccan musayar rokas da na faɗa dole ta faru ne lokacin da fistin yake can sama. In ka ga tana faruwa tun fistin bai iso ba da nisa ko bayan ya wuce sosai, an tsallake haƙori wajen ɗora cen, sai an buɗe murfin gaba an sake jera maki.

Mataki na 4: mai

Cire iya kilina ka leƙa bakin kafireta, injin a kashe, ka ja totur da hannu sau biyu. Ya kamata ka ga fetur ya tsarto. In babu, zare tiyon da ke shiga kafireta ka sa a gora a ba da kik, wayar kwayil a cire. Famfon man waɗannan motoci kamshaf ne ke buga shi, don haka bayan haɗi yakan ɗau lokaci kafin ya jawo, kuma ana iya juya tiyon shiga da na fita. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki kuma shinshina shi, in ya koma warin fenti zubar.

In kuma filogi sun fito a jiƙe sharkaf, mai ya yi yawa ne saboda famfa totur da aka yi ta yi. Busar da su, mayar da cok, taka totur har ƙasa ka riƙe ka ba da kik.

Don Allah in za a ɗiga fetur a kafireta, murfin gora ɗaya ya isa, a ajiye gorar nesa, kuma kada kowa ya sa fuska a kai. Injin da tamin ɗinsa bai zauna ba yana tofo wuta, na ga wanda girarsa ta tafi a haka. A ajiye bokitin yashi kusa.

Duba kuma inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, musamman babban tiyon da ke tafiya daga manifol zuwa sabo, wato tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi, in an bar shi a zare ba za ta zauna ba ko ta tashi. Da tsumman da ake cusawa a bakin manifol don kada ƙasa ta shiga lokacin aiki, ƙirga su, nawa ka sa nawa ka cire.

Mataki na 5: kwamfireshan

In kik yana juya injin da sauri fiu fiu babu wannan nauyin da ake ji, matsi ne babu. Kafin ka zargi rin, duba tafet. In an kankare tof silinda ko an wasa bawul, tazarar tana raguwa, tsohon saiti ba ya aiki, bawul sai ya ƙi rufewa ruf. A 504 in injin ya yi sanyi, bawul ɗin shiga milimita 0.10 ne na fita 0.25, da fila geji ba da ido ba. In ka samu gejin kwamfireshan, cire filogi duka, buɗe totur gaba ɗaya ka auna. Ƙasa da 100 a ma'aunin psi tashi zai yi wuya, kuma silindojin su zama kusa da juna. Sabon rin da aka yi ta wanke shi da fetur saboda yawan kik yakan bushe, zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami ka juya, sau da yawa matsin yana dawowa. In silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, gasket ne tsakaninsu.

Masu Hilux mai shan gas ku kuma babu ruwanku da kwantak da kwayil, naku iska ce a layin mai, ku famfa a kan fita, wato matatar mai, ku sassauta fayif a kan nozul har gas ya fito babu kumfa, ku duba hita filogi da 'yar wayar da ke kan injekta famfo wadda in babu wuta a kanta mai ba ya wucewa.

In ta tashi

Idonka a kan fitilar baƙin mai, in ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙu kashe nan take. In ta mutu, riƙe ta sama da silo kaɗan, ban da zuga totur don burge 'yan kallo, wani ya leƙa ƙasa ko akwai yoyon mai ko ruwa, kai kuma kana kallon allurar zafi. Ɗan hayaƙi na mintunan farko man haɗi ne ke ƙonewa. Bayan kamar kilomita 1000 a dawo a juye baƙin mai a sauya fitarsa, a sake ɗaure tof silinda in ya huce, a sake saita tafet. Kafin nan kar a lafta mata kaya, ko da yake kawu washegari da asuba buhu ashirin ya ɗora mata ya nufi kasuwa, da na yi magana ya ce albasa ba ta san sabon inji ba.