Yadda zaka tattara tarihin garinku tun masu bada labarin suna raye

Duk wanda ya taso a irin garuruwan nan namu da suke hedkwatar ƙaramar hukuma ya san yadda suke, su ba birni ba su ba ƙauye ba, ga sakatariya a bakin titi da tutarta, ga caji ofis da babban asibiti da gidan hakimi da masallacin Juma'a, sai kasuwa mai ci sati-sati wadda ranar ce kaɗai zaka ga garin ya cika ya batse. To irin wannan gari in ka tare yaro ɗan sakandare ka ce yaushe aka kafa shi, kai ko ma yaushe aka gina sakatariyar da yake wucewa ta gabanta kullum, sai ya yi shiru. Ba laifinsa bane, ba inda aka rubuta masa. Labarin yana bakin tsofaffi, su kuma kusan kullum sai an kai ɗaya makwancinsa. Shi yasa nake so in faɗi yadda ake wannan aiki, kuma zan riƙa misali da Rano ta kudancin Kano don ita na fi sani, kai sai ka ɗora a kan naku garin.

Kayan aikin ba wasu masu yawa bane. Waya mai ɗaukar murya da hoto, abin caji na tafi-da-gidanka saboda ka san halin wuta, littafi mai bango mai ƙarfi, biro biyu. Sai ɗan abin gaisuwa, goro ko sabulu ko turare, don ba a shiga wajen dattijo hannu rabbana.

Kafin ka kunna wayar nan ko sau ɗaya, ka bi ta ƙofa. Ka fara da mai unguwarku, shi zai kai ka wajen dagaci, dagaci ya kai ka gaban hakimi, ka cire takalmi ka durƙusa ka ce "ranka ya daɗe, na zo neman izini ne, ina so in rubuta tarihin garin nan saboda 'yan baya." Wasu matasa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, wallahi ba haka bane. In aka ganka kana yawo da littafi kana tambayar sunayen mutane da gonaki ba tare da an san da kai ba, wani zai ce rajistar tallafi ake, wani ya ce 'yan siyasa ne suka turo ka, wani kuma ya zata maganar gado ko fili kake son tayarwa, daga nan bakin kowa ya rufe. Amma da zarar an ce ai hakimi ya sani, har aiko maka za'a riƙa yi ana cewa ga wani tsoho can da ya kamata ka gani.

Sannan ka sa a ranka cewa irin wannan gari yawanci sau uku aka haife shi, kuma kowace haihuwa da labarinta.

Ta farko ita ce kafuwa, kuma nan ne kowa yake son ya daɗe, nan ne kuma aka fi samun saɓani. A Rano zaka ji cewa tana cikin Hausa Bakwai, a labarin Bayajidda ana cewa Zamna Kogi ɗan Bawo ne ya kafa sarautarta, har yau ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, kuma ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Amma in ka zauna da dattawa biyar zaka iya tashi da ruwaya uku. Kar ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi ka binne sauran. Ka rubuta kowacce ka ce wannan daga bakin gidan sarauta take, wannan daga malamai, wannan daga maƙera ko mahauta. Kuma kar ka ƙaƙaba wa labarin shekara in ba ka da hujja, don da yawa daga shekarun da ake yawo da su wani ne ya ƙiyasta wata rana, aka yi ta kwafa har ta zama kamar gaskiya.

Ta biyu ita ce zuwan Turawa. Sun ci Kano a 1903, bayan 'yan shekaru suka yanka ƙasa gunduma-gunduma suka ce hakimai su bar birni kowa ya koma ya zauna a ƙasarsa saboda haraji da jangali. Rano ita dama da sarkinta a gida, amma garuruwa da yawa wannan ne ya ɗaga su, gari yana zamansa kawai sai ga hakimi da dogarai da malamin haraji da alƙali sun sauka, sai ga bariki inda Di'o, wato Baturen mulki mai kula da yankin, yake kwana in ya zo rangadi, daga baya elemantare da ɗakin shan magani. Ka tambaya ina barikin yake, ina aka fara yin kotu, wace bishiya ce ake zama ƙarƙashinta ana karɓar haraji. Sau da yawa wurin yana nan, an dai yi shago ko gareji a kai.

Ta uku kuwa ita ce aka fi sakaci da ita alhali masu ganinta da ido suna nan da ransu. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, sannan a 1976 aka yi babban gyaran nan da ya kawo ƙananan hukumomi irin na yanzu, aka yi ta ƙari a 1989 da 1991 da 1996 har suka kai 774 a Najeriya, Kano ita kaɗai tana da 44. Ranar da aka ce garinku ya zama hedkwata rayuwarsa ta canza, ma'aikata suka zo neman haya, masu abinci suka kafa rumfa a bakin sakatariya, filin da ba mai kallonsa ya yi kuɗi, ƙarshen wata ya zama wani abu da 'yan kasuwa suke lissafi da shi. Ka nemi tsohon masinja, tsohon direban ciyaman, tsohon kansila, mai shayin da ya shekara talatin a ƙofar sakatariya. Ka tambaye su waye ciyaman na farko, su waye kantomomin zamanin soja, wane gari aka yi takara da shi wajen neman hedkwatar, don kusan ko'ina akwai garin da har yau yake jin shi aka ƙwace wa.

To yanzu zaman hirar kansa, wanda shi ne ainihin aikin.

Kar ka je da safe lokacin gona ko ranar kasuwa. Bayan la'asar ya fi, ko hantsi ga tsofaffin da suka daina fita. Ka gaisa sosai, a tambayi gida da iyali, ka faɗi ɗan waye kai, don tsoho baya sakin jiki sai ya gano kakanka. Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya, ka ajiye wayar a kan tabarma ka manta da ita. In ka kunna, ka fara faɗin ranar da wurin da wanda kake tare da shi, in ba haka ba nan da wata shida zaka tarar da murya arba'in ba ka san ta wa da wa bace.

Babban kuskure shi ne ka ce "Baba a wace shekara aka yi kaza?" Ba haka suke lissafi ba, kuma don kar ya ba ka kunya sai ya faɗi wata shekara kawai. Ka riƙe wasu abubuwa da kowa ya sani ka riƙa aunawa da su. Zuwan Sarauniya 1956, 'yancin kai 1960, murabus ɗin Sarki Sanusi da hawan Ado Bayero 1963, rasuwar Sardauna 1966, canjin hannu na tuƙi 1972, shigowar naira da kwabo da kuma babban fari 1973, kisan Murtala da fara karatun UPE (firamare kyauta ga kowa) 1976, soke haraji da jangali da Rimi ya yi a Kano 1979, rikicin Maitatsine 1980, canjin kuɗin Buhari 1984. Sai ka ce "Inna, lokacin da aka kawo famfon nan ana kashe sule da sisi ko naira ta shigo?" ko "Baba, da aka yi gobarar kasuwa Sardauna yana raye?" Nan take zaka ga idonsa ya buɗe. Na taɓa zama da wata tsohuwa tana ɓare gyaɗa a faranti, na yi ta tambaya tana cewa ita ba ta san komai ba a je wajen maza, da na ce mata shekarar fari fa, goyon wa kike yi? sai ta ajiye farantin ta kama lissafin 'ya'yanta da yatsu, daga nan ta faɗa min rijiyoyin da suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya da wadda ta rage ana kwana a bakinta ana jiran ruwa ya taru, da gidan da aka riƙa raba dawa, har magariba ba ta gama ba.

Kuma wannan ne abin da nake so ka riƙe da kyau, jerin sunayen sarakai da hakimai ba shi ne tarihin gari ba, ƙashin baya ne kawai. Ka je wajen mata, su suka san yadda ake biki da suna da, waƙoƙin daka da na niƙa, cutar da ta kwashe yara a wace shekara, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin. In kai namiji ne ka tafi da yayarka ko ƙanwarka ta shiga ciki. Ka je wajen sarkin pawa da sarkin kasuwa da sarkin maƙera da wanzamai, ka je tasha wajen tsofaffin direbobi su faɗa maka motar farko da ta fara jigila zuwa birni da yadda hanya take kafin kwalta. Ka je rugar Fulani, ka je unguwar baƙi wajen Inyamurai da Yarbawan da wasunsu a garin aka haifi iyayensu. A yankin Rano dole ka yi tambaya a kan dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, yadda noman rani ya shigo, su wa aka tasa daga gonakinsu, su wa suka samu.

Sai ka zagaya garin da ƙafa tare da wani dattijo. Ku bi sawun ganuwa ko da ta zama tudu, ya nuna maka inda ƙofofi suke da sunayensu, tsohuwar marina da ramukanta da aka cike da shara, kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin gari, tsohuwar maƙabarta, filin idi na da. Sunayen unguwanni kansu tarihi ne, ka tambayi dalilin kowanne. Ka ɗauki hoto yau, don gobe ana iya sa bulo a wurin.

Takardu kuma suna nan fiye da yadda kake zato. Firamaren da ta fi tsufa a garin tana iya samun rajistar ɗaukar ɗalibai tun ta farko, da littafin da hedimasta yake rubuta abin da ya faru. Na ga irin wannan rajista a ƙasan kabad gara ta cinye gefenta, amma sunayen 'yan ajin farko da na iyayensu suna nan raɗau da tawada. A gidajen malamai akwai kundi da wasiƙun ajami da bayan littafi inda ake rubuta haihuwa da rasuwa, kar ka ce a ba ka aro, ba za'a bayar ba kuma suna da gaskiya, ka ɗauki hoton kowane shafi a gabansu. In kana da hali ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, can akwai rahotannin da Turawa suka rubuta a kan gundumomi, yawan mutane da shanu da karofi da masaƙa, ka leƙa Arewa House ma tunda kana garin. A Kano akwai hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa, da Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, in kana bin zamanin jam'iyyarsa ta NEPU. Sai dai ka karanta lissafin Bature da hankali, don haraji ya yi ƙidayar, mutane kuma suna ɓoye kansu da dabbobinsu in sun ji malamin haraji ya taho.

Kowace rana in ka dawo ka tura muryoyin wani waje, imel ɗinka ko Google Drive ko wayar wani ɗan uwa. Ni waya ta taɓa faɗa min a ruwa da hirar wani tsohon ɗan doka a ciki, kafin in koma Allah ya yi masa rasuwa, har yau abin yana ci min rai. Kuma ka rubuta hirar a takarda cikin satin, da kalmominsa yadda ya faɗa, kar ka gyara masa Hausa.

Akwai maganganun da zaka ji waɗanda ba na bazawa bane. Za'a faɗa maka gidan wane asalinsu bayi ne, gidan wane su suka kai ƙarar wane aka ɗaure shi zamanin NEPU da NPC, jam'iyyar Sardauna, gidan wane ƙwace sarauta suka yi. Ka ji, ka ajiye, amma ka tuna jikokinsu suna aure da juna yanzu. Maganar sarauta ma ka taka a hankali, ka ga dai Rano, an ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe a 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu da Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta a shekarar, kuma kowane ɓangare yana da tarihin da yake so a rubuta. Kai ka faɗi abin da ya faru da lokacin da ya faru da wanda ya faɗa maka.

In ka haɗa abin da ya samu, ko shafi talatin ne, kar ka garzaya wajen buga littafi. Ka buga kwafi kaɗan a shagon kwamfuta, ka tara dattawan da ka yi hira da su a zauren dagaci ka karanta musu da ƙarfi, ka sa wata ta karanta wa matan a cikin gida. Zasu katse ka, zasu yi musu da juna, wani zai tuno abin da bai faɗa maka ba, kai dai biro yana hannunka. Bayan gyara sai ka kai kwafi gidan hakimi, ɗaya sakatariya, ɗaya ga malamin tarihi na sakandaren garin, sannan kowane gida da aka ba ka labari ka mayar musu da nasu kwafin tare da muryar tsohonsu a waya.