Yadda ake gina tsauni mai duwatsu a filin ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo

Kafin ka taɓa wuƙa ko gam, nemi hoton dutsen gaske guda ɗaya ka kafe shi a gabanka. Ka lura da yadda tsagoginsa suka bi gefe guda, da inda inuwa ta kwanta, da yadda ɓaraguzai suka taru a gindinsa. Mafi yawan tsaunukan da ke fitowa kamar curin laka, daga kai aka ƙaga su ba tare da an dubi dutse ba.

Sai batun girma. A ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman abin gaske, tsauni mai tsayin mita 1000 zai kai kusan mita 11 da rabi. Babu ɗakin da zai ɗauka. Ko a Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo da ke birnin Hambug a Jamus, inda suke da fili a wadace, kwaikwayonsu na tsaunin Matterhorn na ƙasar Siwizalan wajen mita 6 ne. Don haka gefen tsauni za ka gina, santimita 30 zuwa 50 ya isa, ka bar hoton bango ya ƙarasa sauran.

Fara da shimfiɗa layin dogo, ka gwada shi da taragon da ya fi kowanne tsawo da tsayi, musamman a kwana. Idan jirgin zai ratsa ta cikin dutse, bar ƙofa a baya wadda hannunka zai shiga. Na taɓa rufe nawa ruf, tarago ya goce a ciki, dole na yanke aikin mako biyu da zarto. Har yau abin yana yi mini ciwo. Bayan gwaji, rufe layin da salatif ɗin takarda don kada filasta, wato farin garin da ake damawa da ruwa ya daskare, ta zuba masa.

Ƙashin tsaunin da allon soso mai tauri ake yi, irin wanda ake sa wa bango don tare zafi da sanyi. Yanka shi, ka jera hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan ja baya. Yi amfani da gam ɗin da aka yi don soso, domin gam mai ƙarfin wari da fentin feshi suna narkar da shi. Idan ya kama, sassaƙe kusurwoyin da wuƙa, sannan ka lulluɓe shi da bandejin filasta da ka tsoma a ruwa.

Fuskar dutsen ita ce zuciyar aikin, a nan za ka daɗe. Ana sayar da mazubin roba mai siffar dutse, amma takardar alminiyam mai kauri ma tana yi: cukuikuye ta, ka buɗe a hankali, ka naɗe bakinta ta zama kamar faranti. Fesa mata ruwa mai ɗigon sabulu. Zuba garin filasta cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba, kusan awo biyu na gari ga awo ɗaya na ruwa, ka dama har ya yi kauri ba gudaji. Zuba a mazubin, ka ɗan bubbuga don iska ta fita. Da ya fara kamawa, yana lanƙwasuwa amma bai bushe ba, jiƙa jikin tsaunin ka manna shi, ka riƙe na 'yan mintuna. Za ka ji ɗumi a tafin hannunka, alamar filasta tana daskarewa ke nan. Ɓare mazubin, ka cike tsakanin duwatsun da ragowar filasta, ka ja layukan tsaga da bakin wuƙa su bi hanya ɗaya da na maƙwabtansu. Kada ka wanke kwanon damun a magudana, filastar za ta toshe ta.

Bar tsaunin ya bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu. Wajen fenti, kada ka shafe shi da ruwan toka mai kauri, wannan yana kashe dutse. Tsarma fentin akirilik da ruwa sosai, ka ɗiɗɗiga ruwan ɗorawa nan da can, ruwan ƙasa a wasu wuraren, ka bar farin filasta yana leƙowa. Sannan ka bi duka da baƙi mai ruwa-ruwa, ya gangara cikin tsagogi ya zama inuwa. Idan ya bushe, ɗauki burushi mai tauri, taɓa farin fenti, goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, ka shafa a kan tudun duwatsun kawai. Nan take za ka ga sun taso.

Gutsattsarin filastar da suka rage, farfasa su ka rina da launi ɗaya, ka zuba a gindin tsaunin, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ka ɗiga musu farin gam da aka sirka da ruwa. Ciyawa da bishiyoyi su tsaya inda ƙasa za ta iya zama, a kan dakali da cikin kwarmi, bishiyoyin sama su fi na ƙasa ƙanƙanta don tsaunin ya yi kamar ya yi nisa. Daga nan ka cire salatif, ka goge saman ƙarfen layin tas, ka tura jirgin a hankali ka ga ko akwai inda yake gogar dutse.