Yadda Ake Zaɓen Hanyar Tsabtace Ruwan Sha a Doguwar Tafiyar Ƙasa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a bayanka. Wanda zai yi kwanaki yana tafiyar ƙasa da jakar goyo, a daji ko kan duwatsu, ba zai iya ɗauko ruwan da zai ishe shi daga gida ba. Dole ya sha na rafi, na tafki, ko na rijiyar ƙauyen da ya ratsa. Saura da me zai tsabtace shi, kuma amsar tana wurin ruwan da zai tarar, ba a kantin kayan tafiya ba.

Mataki na 1: San abin da ke cikin ruwan

Masu sa ciwon ciki iri uku ne, kuma girmansu shi ke yanke hukunci. Akwai manya, irin su Giardia da Cryptosporidium masu haddasa zawo mai naci, waɗanda girmansu ya kai maikuron 4 zuwa sama (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Akwai bakteriya, ciki har da masu kawo kwalara da taifod. Sai bairos, irin mai kawo ciwon hanta nau'in A, wanda bai wuce maikuron 0.03 ba.

To ka tambayi kanka: wa ke sama da inda zan ɗebi ruwa? Idan akwai ƙauye, ko wurin wanki, ko mashayar shanu, ka ɗauka duk ukun suna ciki. Matafiyan Amurka da ke bin hanyar Appalachian galibi matatar ruwa kaɗai suke riƙewa, domin bairos bai cika zama barazana a ruwan duwatsunsu ba. Wanda ya kwafi wannan tsarin ya shiga da shi inda mutane ke zaune a bakin rafi, ya ari rigar da ba tasa ba.

Mataki na 2: Duba ruwan garau ne ko mai laka

Laka tana toshe matata, tana rage ƙarfin magani, tana tare hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta. Idan ruwan ya yi ja kamar na damina, zuba shi a tukunya ka bar shi ya kwanta, sannan ka tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle mai tsabta. Garin 'ya'yan zogale ko ɗan alam suna sa lakar ta kwanta da wuri. Amma wannan share fage ne kawai, ruwan ya yi haske, bai zama na sha ba tukuna.

Mataki na 3: Auna hanyoyin

Tafasawa ita ce uwa, tana kashe duk ukun. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a bar ruwa yana tafasa sosai na minti 1, amma idan wurin ya haura kimanin mita 2,000 a tsayi, a kai minti 3. Wanda ya hau dutsen Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti, mai tsayin mita 2,419, ya shiga wannan rukuni. Matsalarta biyu: tana cin gas ko itace, kuma mai jin ƙishi da tsakar rana ba ya son jiran ruwa ya huce.

Matatar matsawa, irin su Sawyer Squeeze da Katadyn BeFree, ramukanta maikuron 0.1 ne. Ka cika 'yar jaka da ruwan rafi, ka ɗaura matatar a bakinta, ka matsa, ruwa ya tsiyaya cikin gorarka, ka sha nan take. Tana tare manyan ƙwayoyin da bakteriya, amma bairos yana wucewa abinsa. Akwai masu kama har da bairos, kamar MSR Guardian da Grayl, sai dai sun fi nauyi kuma sun fi tsada nesa ba kusa ba.

Ƙwayoyin magani su ne mafi sauƙin ɗauka. Na kilorin, irin su Aquatabs, suna buƙatar minti 30, suna kashe bakteriya da bairos, amma ba sa iya wa Cryptosporidium. Na kilorin dayoksaid, irin Micropur MP1, suna iya masa, amma sai an jira awa 4. Aidin kuwa ni ban ga dalilin ɗaukarsa ba yanzu: shi ma ba ya kashe Cryptosporidium, yana ɓata ɗanɗano, kuma bai dace da mai juna biyu ko mai matsalar maƙoƙo ba.

Alƙalamin haske irin SteriPEN, wanda ake tsomawa a ruwa haskensa ya kashe ƙwayoyin cuta, yana gama lita ɗaya cikin daƙiƙa 90, muddin ruwan garau ne kuma batir bai mutu ba. Shanya ruwa a rana cikin farar robar ruwa shi ma yana aiki, amma awa 6 ne idan rana ta buɗe, kwana biyu idan akwai gajimare. Na mai zama a sansani ne, ba na mai tafiya ba.

Mataki na 4: Haɗa biyu

Ka lura cewa abin da matata ta bari, kilorin yana kashewa, abin da ya gagari kilorin kuma, matata tana tarewa. Saboda haka a ganina, inda akwai mutane da dabbobi kusa, tsari mafi dacewa shi ne a tace, a jefa ƙwayar kilorin daidai da adadin da aka rubuta a fakitin, a jira minti 30. Duka biyun ba su kai nauyin wayar hannu ba. Da dare kuma, tunda an riga an kunna wuta don shayi, sai a tafasa na gobe. Idan ku ayari ne, nemi matatar ratayewa, wadda ake cika jaka a rataye ta a reshe, ruwa ya riƙa saukowa da kansa yayin da kuke kafa tanti.

Akwai ruwan da duk waɗannan ba sa gyarawa: wanda ya bi ta wurin haƙar ma'adinai ko gonar da aka yi wa feshi. Tafasawa ba ta cire dalma ko maganin ƙwari. Irin wannan wucewa ake yi a nemi wani.

Mataki na 5: Gwada a gida, kula a hanya

Kafin ka fita, tace lita ɗaya a gida ka ga gudun matatar. Idan ta fara jinkiri, a wanke ta da ruwa mai tsabta. Sawyer tana zuwa da sirinji don wanke ta ta baya. Inda sanyi ke kai ruwa ya daskare, kamar saman Kilimanjaro, kwana da matatar cikin bargonka, domin idan ruwan cikinta ya zama ƙanƙara zai fasa siraran zaren da ke tace ruwan, kuma ba za ka gani da ido ba.

Sannan ka ware gorar ɗiba da gorar sha, ka ɗaura wa ta ɗiba jan zare don kada su cakuɗe. Idan a gorar da ka ɗebi ruwa ka jefa magani, bayan ƙwayar ta narke sassauta murfin, ka kifa gorar, ruwan maganin ya ɗan zubo ya wanke bakinta, sannan ka ɗaure ka fara ƙirga mintinka.